Bashin Burodi

Yau ka cika ɗari, in ji su, Eleuterio.
Sun wanke matakalar unguwarmu da sabulu,
abin da ba su yi ba tun girgizar ƙasa.
Magajin garin Valparaíso ya hawo tudu yana haki,
ya yaye ƙyalle daga kan allon tagulla:
ga sunanka, ga kwanan wata, ga hoton jita.

Na yi dariya har haƙoran robana suka motsa.
Wa ya ce musu a watan Mayu aka haife ka?
Sau uku kake haihuwar kanka a shekara:
in sanyi ya kama, in kuɗin haya ya matso,
in jirgin Girkawa ya tsaya a tasha
da matuƙa masu sakin hannu a mashaya.

Ni ce Herminia mai gidan burodi,
tamanin da bakwai, gwiwa ta ƙi, ido ya ja baya.
Ba a sa ni cikin masu jawabi ba.
Wani farfesa daga Santiago, gemu kamar tsintsiya,
ya ce kai ne muryar teku da ta talaka.
To, muryar teku ta ci mini burodi
shekara goma sha ɗaya, ko sisi ban gani ba.

Littafin bashin na nan a gindin akwati,
ƙarƙashin mayafin da na yi aure da shi.
Duk Asabar in na buɗe maka shafinka
sai ka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
ka karɓi fensir, ka lashi bakinsa,
ka dasa baiti biyu a gefen lambobi.
Mijina Nibaldo ya yi ta kumfar baki:
"Waƙa ba ta sayen buhun fulawa!"
Amma da asuba, in ya ɗauka ban farka ba,
na sha jin sa yana murza ƙullu, yana rerawa.

Jiya 'yan jami'a suka zo da farar safar hannu,
wai in sayar, su kwantar da shi cikin gilashi.
Sun kira kuɗin da ya ninka bashin sau ɗari.
Na ba su shayi. Na ce su gaida gida.
In na sayar, ka biya ke nan.
In ka biya, me ya rage tsakaninmu?

Ranar da aka kai ka, mu bakwai ne da kare.
Ruwa na zuba, fada na sauri don takalminsa ya jiƙe,
jitarka tana kantin jingina, tsirkiya biyu sun tsinke.
Yau ga 'yan makaranta ɗari biyu cikin fararen riguna
suna rera waƙarka ta masu dakon tasha,
an cire baitin da ka zagi mai gidan haya.
Sun yanka kek mai hawa uku.
Ba wanda ya tuna ba ka shiri da zaƙi,
kai dai soyayyen kifi da ɗanyar albasa.

Da yamma taro ya watse.
Iska na tura kofunan takarda zuwa teku.
Sai ga wani yaro, tulun gas a kafaɗa,
yana hawo matakala, yana fito da baki,
har da ɗan karkacewar nan da kake yi a ƙarshe
kamar mai neman gafara.

Na ce, "Yaro, waƙar wa ke nan?"
Ya sauke tulun, ya share goshi.
"Ba ta kowa ba ce, kaka.
Haka muka taso muka same ta."

Na shiga ciki. Na buɗe akwati.
Na lashi bakin fensir, yadda kake yi,
na soke burodi ɗaya.
Saura dubu huɗu da goma sha huɗu.
Barka da haihuwa, Eleuterio,
ko wacce ce cikin ukun.